GYARA KAYANKA BAI ZAMA SAUKE MU RABA BA

(Wannan shi ne jawabin da babban masu duba aiki ya yi a taron kaka na ƙungiyarmu, a ƙofar gidan Maigari, kafin ƴan ci-rani su watse. Mun buga shi ɗungurungum saboda ƴan'uwa na Kano, Yamai, Agadas da Libiya waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)

 

Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta Liman da sauran malamai, dattawan gari, iyayenmu mata da ke zaune can gefen darni, shugaban ƙungiya da ƴan bironsa, wakilan ƴan ci-rani, samari da ƴan mata, assalamu alaikum. Barkanmu da ganin kaka. Allah ya sa wa abin da muka samu albarka, ya kai mu baɗi da rai da lafiya.

Kun tuna bara, a wannan wuri, kuka zaɓe mu mu 3, da ni, da ɗaya daga cikin iyayenmu mata, da wani ɗanmu mai zaman Kano, kuka ce mu duba aikin ƙungiya mu kawo muku labari. Kun kuma san dalili. Ƴan'uwanmu na Kano da na Libiya sun aiko da saƙo cewa sun tsai da kuɗin wata, ba za su ƙara aiko ko dala ba sai sun san inda guminsu ke tafiya. Maganar ta yi zafi, har wasu suka daina gaisawa. To, yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ina roƙon duk wanda maganata ta taɓa ya yi haƙuri ya saurara har ƙarshe, don ni ma za ta taɓa ni.

KUƊI SUN CIKA

Zan fara da abin da kowa ya ƙosa ya ji. Mun zauna da ma'aji kwana 2, mun bi kaye shafi-shafi, mun gwada abin da ya shiga da abin da ya fita, mun duba takardun saye, mun ƙirga abin da ke cikin asusu a gaban shaidu. Kuɗi sun cika. Babu wanda ya ci ko dala. Duk wanda ya zargi ma'aji a fili ko a zuci, ya je ya nemi gafararsa tun da sauran numfashi.

Da nan aikinmu ya tsaya, da sai mu yi fatiha mu tashi. Amma da muka rufe kaye, sai uwar nan tamu ta yi mana wata tambaya. Ta ce: "Malam, kun ce kuɗin fanfo sun cika. To, ruwan fa? Don ni da bazara a tafki na ɗebo." Wallahi muka rasa abin ce mata. Mu ba mu tara kuɗi don mu riƙa kallonsu ba. Mun tara ne don mace ta samu ruwa kusa, don talaka ya samu hatsi da sauƙi a tsakiyar damina, don mara lafiya ya isa gidan likita da sauran ƙarfinsa. Ashe duba iri biyu ne. Akwai duban kuɗi, akwai duban aiki. Shekara da shekaru muna yin na farko, na biyun kuwa ba mu taɓa yi ba.

Malamai sun sha ba mu labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya riƙe halifanci daga shekara ta 634 zuwa 644. Yakan fita da dare ya zaga don ya ga halin da jama'a ke ciki. Wani dare ya tarar da wata mace ta ɗora tukunya a wuta, babu abinci a ciki, tana lallashin ƴaƴanta da ita har barci ya ɗauke su. Ya koma baitulmali ya saɓo buhun gari da kansa ya kawo mata. Ku lura, jama'a: a daren nan baitulmali cike yake. Da Umar ya tsaya ga tambayar mai tsaron baitulmali, da an ce masa kome lafiya lau, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Sai da ya taka ya je wurin wadda ake tara dukiyar dominta, sannan ya san gaskiya. Mu ma sai muka ajiye kaye, muka shiga gari gida-gida.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASAR NAN

Kafin in faɗi abin da muka gano, bari in amsa wa masu cewa wannan bin diddigi al'adar Nasara ce, mu an san mu da yarda da juna. Dattawa, ku ne shaiduna. Wace mace ce ke zuwa kasuwa ta bari a auna mata hatsi ba ta sa ido a kan tiya ba? Ai ko ƙanenta ne mai awon, sai ta ga ya cika ta ya yi mata tozo. Babu wanda ya taɓa cewa ta zage shi. Akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da aka saukar da gargaɗi ga masu tauye awo, yaranmu na makarantar allo sun haddace ta.

Masu shekaruna kuma sun tuna zamanin gyaɗa, lokacin da ita ce babban abin da Nijar ke fitarwa waje, ƙasar Magarya da Matamai da Mirya na kan gaba. A 1962 aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa, da UNCC mai kula da koperatif. Kafin manoma su shiga harkar da kansu, mutum zai kawo kayansa a kan jaki, a ɗora a sikeli, a faɗa masa nauyi, ya karɓi abin da aka ba shi ya tafi yana gunaguni, don bai iya karanta sikelin ba. Da aka bar wa manoma kasuwanninsu, sai garuruwa suka zaɓi ma'auninsu da marubucinsu, ana awo a gaban kowa, ana ba mutum tike, ƙarshen kasuwa a yi lissafi a bainar jama'a a raba rarar da ake ce wa ristun. Ina ɗan lakwal a lokacin, da hutu nakan zauna kusa da marubuci ina miƙa masa tike, kuma na ga yadda tsofaffi suka shiga karatun manya don kawai su iya karanta lambar sikeli da idonsu. Farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 sun karya noman, amma darasin yana nan: inda ake awo a fili, gunaguni ba ya kwana.

Ga kuma kurkunu. Wa ya manta yadda yake kwantar da magidanci da damina, gona ta cika da ciyawa yana kallo? Ƙasar Mirya na cikin wuraren da ya fi addaba. Ba allura ce ta kore shi ba, don ba shi da allura. Tace ruwa ne, da fanfuna, da kuma wani abu da mutane ke mantawa: kowane gari an sa wakili mai kaye yana rubuta duk wanda ciwon ya fito wa, ana zuwa ana karɓar lissafin wata-wata, inda aka ga ya yi yawa a mai da ƙarfi can. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Kaye da yawan dubawa sun yi aiki a nan ƙwarai.

ABIN DA MUKA GANO A FANFO

Da bazarar bana fanfon ƙafa na ƙungiya ya tsaya fiye da wata guda. Mata suka koma tafki da rijiyar garin maƙwabta, yara suka yi ta gudawa, alhali kuwa kuɗin gyara na kwance cikin asusu, kuɗin da matan nan suka biya bido-bido.

Ɗanmu na Kano, wanda makaniki ne, ya koya mana wata dabara. Ya ce kamfanin Toyota na ƙasar Japan, mai ƙera motocin nan da kuke hawa zuwa Agadas da Dirku, yana da al'ada: in abu ya lalace, ba a fara da tambayar "wa ya yi?", ana tambayar "don me?" har sau 5, ana bi kamar mai tonon rogo, sai an kai ga saiwa. Muka gwada.

Don me fanfo ya tsaya? Robar ciki ta cinye. Don me ba a sauya ta ba? Babu ita a gari, sai an je Damagaram. Don me ba a je an sayo ba? Mai tsaron fanfo ba shi da ikon taɓa kuɗi sai shugaba da ma'aji sun sa hannu. Don me ba su sa hannu ba? Shugaba yana ci-rani, kamar yadda rabin mazan garin nan ke yi da rani. Don me ba mu sa wanda zai tsaya masa in ba ya nan ba? Nan fa muka yi shiru, don amsar ita ce kunya. Kowa ya ga giɓin, kowa ya ji nauyin faɗa, kada shugaba ya ce ana son a tsige shi. Shi kuma da muka tambaye shi, ya ce wallahi da an kawo masa maganar da tuni ya yarda, don abin yana damunsa.

Kun gani ke nan. Da mun fara da neman mai laifi, da mun kama mai tsaron fanfo mun kore shi, baɗi kuma fanfo ya sake tsayawa da sabon mai tsaro. Laifin na cikin dokar da mu duka muka kafa da bakinmu, da kunyar da ta hana mu gyara ta.

ABIN DA MUKA GANO A BANKIN CIMAKA

Bayan yunwar 2005 ne muka dage sai mun yi bankin cimaka, mu sayi hatsi da kaka yana araha, mu ajiye, mu sayar wa ƴan gari da sauƙi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A kaye buhuna sun cika. Da muka buɗe ɗakin muka ƙirga da hannu, sai muka ga ba su kai ba. Ba sace su aka yi ba, bashi aka bayar, aka rubuta su kamar suna nan, don masu bashin manya ne, ana ganin kamar kayan na aljihu.

Ranka ya daɗe, a nan zan sunkuyar da kaina. Cikin sunayen nan akwai nawa. Shekara 2 da suka wuce, da bikin ɗiyata, na karɓi buhu 2 na ce sai kaka. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, babu wanda ya tambaye ni don ana ganin furfurata, ni kuma na yi kamar na manta. Da na ga sunana da idona, daren nan ban yi barci ba. Jiya na mai da buhunan, mai tsaron ɗaki shaida ne. Ba zan kira sunan kowa ba yau. Kowa ya san kansa, kuma mun ba da wa'adi zuwa ƙarshen watan gobe. Bankunan cimaka da yawa a ƙasar nan irin wannan bashi ne ya kashe su, ɗaki yana tsaye da kwado, ciki babu ko tsaba.

Abu na biyu, mun tarar da tiya 2 a ɗakin, ɗaya ta lotse a gindi. Mai awo bai yi da nufi ba, wadda hannunsa ya kai gare ta ita yake ɗauka. Amma wadda aka auna wa da lotsattsiyar ta koma gida da ƙasa da abin da ta biya, ta kuma gane, don mata ba su jahilci awo ba. Ta yi shiru, ta faɗa wa maƙwabciyarta, maganar ta bi salula har Libiya, ta isa can ta zama "ana cin hatsin ƙungiya".

Abu na uku shi ya fi ba ni tausayi. An buɗe banki a makare, bayan mutane sun riga sun ci bashin ƴan kasuwa, wasu sun bar gonakinsu sun tafi ƙodago a gonar wani. Kuma a masallaci aka yi sanarwa bayan sallar Magariba. To, gwauruwar da mijinta ya rasu, da matar da mijinta ke Aljeriya, wa ya kai musu labari? Wasu sai da hatsi ya ƙare suka ji. Waɗanda aka kafa banki dominsu su ne suka zo ƙarshe. Wannan ba za ka taɓa ganinsa a kaye ba. Uwar nan tamu ce ta jiyo shi a bakin turmi, don mu maza da mun tambaya, "lafiya lau" za a ce mana.

ABIN DA MUKA GANO A KAI MARASA LAFIYA

Ƴan'uwanmu na Agadas ne suka haɗa kuɗi suka saya mana babur mai ƙafa 3 don kai mara lafiya gidan likita. Allah ya saka musu. Da rana yana aiki. Da dare kuwa mun samu labarin sau da yawa an nemi mai tuƙi ba a same shi ba, ko an same shi tanki babu mai. Akwai daren da wata ɗiyarmu ta kwana tana naƙuda, aka buga salular mai tuƙi a kashe, don babu caji, a ƙarshe a amalanken shanu aka ɗauke ta. Majo ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tura ta Damagaram. Ita Allah ya tashe ta, abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Mun yi imani kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi. Amma sanin gaibu na Allah ne, mu abin da za a tambaye mu shi ne amanar da muka ɗauka: mun ce akwai abin hawa, aka dogara da mu, aka zo ba a samu ba.

A 2005 da 2006 gwamnati ta yi dokar yafe kuɗin fiɗar haihuwa da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Ina amfanin yafewar ga wadda ba ta isa wurin a kan lokaci ba? Daga ƙofar ɗakinta zuwa ƙofar likita, wannan tafiya a wuyanmu take. Tun taron Bamako na 1987, inda ministocin lafiya na Afirka suka amince jama'a su sa hannu cikin tafiyar da gidajen likitansu, aka kakkafa kwamitocin da muke ce wa kojes, kuma garinmu na da kujera a namu. Mun tambayi wakilinmu yaushe rabonsa da zama, ya ce ba a taɓa tambayarsa abin da aka tattauna ba, shi ya sa ya yi sanyi. Laifinmu ne. Wanda ka aika ba ka tambaye shi saƙo ba, gobe ba zai je ba.

INDA AIKI KE KYAU

Mai duba aiki in bai faɗi alheri ba, ya yi rabin gaskiya. Masaukin da muke haya a Damagaram, a Sabon Gari, don masu jinya a babban asibiti, mun same shi tsaf. Mun je ba sanarwa, muka tarar an share, randa cike, tabarmi a naɗe. Duk wanda muka tambaya cikin waɗanda suka sauka can, yabo yake yi. Kun san irin wahalar ruwa ta Damagaram, wadda tana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga can zuwa Yamai a 1926, amma tsohuwar da ke riƙe da gidan ba ta taɓa bari baƙo ya kwana babu ruwan alwala ba. Muka tambaye ta sirrin. Ta ce ba ta da wani sirri, sai dai duk baƙon da zai tafi takan raka shi ƙofa ta ce: "Don Allah me ya dame ka a gidan nan?" In an faɗa mata, ta gyara kafin na gaba ya zo. Ba ta yi lakwal ba, amma abin da muke ta faman bayani tun ɗazu, ita kullum shi take yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai in ba a tambaye shi ba.

SHAWARWARINMU

Ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi yau, kafin a watse:

1. Kowane aiki a yi masa alkawari bayyananne wanda yaro ma zai iya riƙewa. Fanfo kada ya wuce kwana 3 a tsaye. Bankin cimaka a buɗe shi da an fara noman farko. Babur kada ya kwana tankinsa bai kai rabi ba, kuma masu tuƙi su zama 2, kowa da lambarsa a rubuce a bangon masallaci da bakin fanfo. In babu alkawari, babu abin da za a auna aiki da shi.

2. A ajiye robar fanfo da ƙananan kayan gyara a gari tun kafin su lalace, a bar wa mai tsaro jika 10 a hannu don gaggawa, ya kawo takardar abin da ya kashe. In shugaba ko ma'aji zai yi tafiya, ya bar wanda zai sa hannu a madadinsa, a faɗa a gaban Maigari.

3. Tiya ɗaya tak a bankin cimaka, Maigari ya sa mata alama. Babu bashi ga ɗan biro ko mai duba aiki ko dattijo, sai abin da taro ya yarda a ba mabukaci. Sanarwa kuma a yi ta a masallaci, a yi ta a bakin fanfo, a bi gidajen da babu namiji.

4. Kowane wuri a ajiye kaye: ranar da fanfo ya tsaya da ranar da ya tashi, wanda aka auna wa da yawan tiya, lokacin da aka kira babur da lokacin da ya iso. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya ja layi.

5. Masu duba aiki su zama 3 kullum, dattijo, mace da ɗan ci-rani, kada ɗayansu ya zama ɗan biro ko ɗan gidan ɗan biro. A sauya su duk shekara 2, don ido in ya saba da wuri yakan daina gani. Su zaga duk wata 3, ba tare da sun faɗi rana ba.

6. In sun zaga, su tambayi waɗanda ake yi wa aikin abu 3: kin samu? a kan lokaci? an mutunta ki? Mata su tambayi mata. Kada a faɗi sunan wanda ya yi ƙorafi.

7. Abin da aka gano a karanta shi a taro, a buga shi a wannan takarda tamu, a kuma ɗauke shi da murya a aika wa na nesa. Kowace matsala a rubuta wanda zai gyara ta da ranar da zai gama. Taro na gaba da wannan takarda za a buɗe shi, kafin a shiga wata magana. Duban da babu gyara a bayansa ɓata takalmi ne kawai.

GA ƳAN CI-RANI

Ƴaƴana da ƙannena, kun yi gaskiya da kuka tambaya. Mun san kuɗin nan ba tsintarsu kuke yi ba. Wani garuwa yake yi a Kano, wani dako, wani yana haƙar zinari a Jado, wani yana gini a Sabha yana ɓuya. Mun san abin da hanyar hamada ke ci. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawar mutum 92 a arewa da Arlit, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mafi yawa daga ƙasar Kance. Babu uwar da ke ɗaukar goyo ta shiga sahara in rumbu da rijiya sun riƙe ta a gida. Saboda haka aikin ƙungiyar nan ba wasa ba ne, kuma mai ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji bayani ba sai ya yi fushi ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kun yanke hukunci a kan jita-jita, kun kira mutumin kirki ɓarawo, kun tsai da kuɗi ba ku aiko wakili ya gani ba. Watannin da kuka tsai da kuɗin, man babur ne ya fara yankewa, kuma iyayenku da matanku ne ke hawansa. Yanzu ga gaskiya mun shimfiɗa muku, mai daɗi da mara daɗi. Muna roƙonku ku dawo da kuɗin wata, ku kuma zaɓi mutum ɗaya a kowane reshe wanda za a riƙa aika wa rahoto, in ya zo gida ya shiga zagaye da masu dubawa. Gani ya kori ji.

GA DATTAWA

Iyayena da yayyena, magana ta ƙarshe taku ce, tawa ce. Yaro ba zai iya tambayar dattijo lissafi ba sai dattijon ya buɗe masa ƙofa. In muka ɗaure fuska duk lokacin da aka ce "Baba, ina buhun nan?", to, mun kashe ƙungiya da hannunmu, muna zaune a kan buzu muna jan tasbaha. Mu fara miƙa namu kaye, yara za su bi.

Duk wanda ya shiga Birni a Damagaram ya ga abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, sarkin da ya ƙera bindigogin igwa a garinsa, ake jin tsoronsa gabas da yamma. Ganuwar nan ta tsare gari muddin ana kula da ita. Da aka daina yi mata yaɓe, ruwan sama ya ci ta kaɗan-kaɗan, yau sai guntaye. Kowane magidanci a nan ya san ginin ƙasa: in damina ta wuce sai ka zaga bayan ɗaki ka duba inda ya tsage ka liƙe. Ba ka jira ya faɗo wa iyalinka, kuma maƙwabcin da ya nuna maka tsagar ba maƙiyinka ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu 3 mun gama abin da kuka sa mu. Takardun na hannun Maigari, duk mai so ya je ya duba. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure daga gare mu ne, a yafe mana. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare matafiyanmu ya dawo mana da su lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Allah gafarta Liman, a yi mana fatiha, sannan shugaba ya sa shawarwarin nan a gaban jama'a ɗaya bayan ɗaya.